"Ba Shiga": Har da Masu Awon Harajin Gida?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa iyakar baƙo namiji ita ce zaure. Nan zai tsaya ya yi sallama, in an amsa a shimfiɗa masa tabarma, in ba a amsa ba ya koma. Da wannan tarbiyya mutanen Arewa suka zo Kurmi, suka gina gidaje a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni na Legas, waɗansu kuma suka kama aikin gadi a gidajen manya a Ikoyi da Ikeja.

To, sai ga wata rana da hantsi mutum biyu ko uku sun tsaya a bakin ƙofa, ɗaya riƙe da takardu, ɗaya da igiyar awo. Suka ce gwamnati ce ta aiko su auna gida saboda haraji. Maigadi ya ce, "Oga ba ya nan, kuma ya ce kada in buɗe wa kowa." Su kuwa suka ce, "Malam, doka ta ba mu iko." Irin wannan ja-in-ja ba baƙon abu ba ne a Legas. Shin wa ke da gaskiya?

Kafin a amsa, ya kamata a san irin harajin. Wanda dattawan Arewa suka saba da shi a kan mutum yake, ko a kan shanu, wato haraji da jangali, waɗanda gwamnonin Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, suka soke bayan sun hau mulki a 1979. Wannan kuwa a kan gida yake da filin da gidan ke kai. A 2001 Jihar Legas ta haɗa kuɗin ƙasa da harajin gida da kuɗin gyaran unguwa ta mai da su haraji guda. An sake dokar a 2018, jama'a suka koka da tsadar kuɗin har aka yi zanga-zanga a Ikeja, sa'an nan aka sake yin wata a 2020.

Ba a yanka wannan haraji da ka. Ana duba faɗin fili, da girman gini, da darajar ƙasa a unguwar, da tsufan ginin, da kuma abin da ake yi da shi. A ƙa'idar da aka sanar a 2020, ma'aunin da ake ɗora wa ginin kasuwanci ya ninka sau goma na gidan da mai shi ke zaune a ciki da iyalinsa. Ke nan dole wani ya zo ya gani da idonsa, domin daga bakin titi ba a iya bambanta ɗakin kwana da ɗakin ajiyar buhunan wake.

Saboda haka ne dokar Legas ta ba ma'aikacin tantance gidaje da mai ƙiyasta daraja ikon shiga gida tsakanin ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 5 na yamma. Yana iya dubawa, ya auna, ya nemi a nuna masa takardu, ya ɗauki hoto, ya kuma kwafi takardun da aikinsa ke bukata. Dokar ba ta rataya wannan iko a kan yardar maigida ba. Hasali ma hana ma'aikaci aikinsa laifi ne. A dokar 2018 tarar ta kai Naira 250,000, ta 2020 ta rage ta zuwa Naira 100,000.

Ba Legas kaɗai ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, kuma take aiki a duk jihohi, ta ce a sashe na 11 gwamna ko ma'aikacin da ya wakilta yana da ikon shiga ya duba filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa, da ginin da ke kai, da rana a lokacin da ya dace, kuma wajibi ne wanda ke zaune a wurin ya ba da hanya. Haka nan Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ƙiyasta gidajen mutane don haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sai dai kowace jiha da tata dokar haraji, saboda haka sa'o'in da aka ambata a sama na Legas ne. Mazauna Sabon Ibadan ko Shagamu ko Anaca sai su nemi sanin ta jiharsu.

Wani zai ce, to ina mutuncin gida? Yana nan. Sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci in akwai dalili mai kyau, kamar tsaron jama'a ko lafiyarsu ko kare haƙƙin waɗansu. Abin nufi shi ne, ba wanda ke shiga gidan mutum don ya ga dama, sai da dokar da ta ba shi hanya, kuma iyakar abin da dokar ta faɗa. Wanda ya zo da ƙarfe 8 na dare ya fita daga inuwar dokar Legas. Wanda ya zo awon gini, ba aikinsa ba ne buɗe akwati ko adaka. In kuwa an hana shi shiga, abin da doka ta tanada shi ne a kai wanda ya hana gaban shari'a, ba a yi kokawa a bakin ƙofa ba.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in aka raina wannan iyaka. A watan Nuwamba 1929, a garin Oloko na ƙasar Ibo, wani ɗan aike mai suna Mark Emeruwa ya shiga gidan wata mata, Nwanyeruwa, don ƙidayar mutane da dabbobi bisa umurnin basarake Okugo. Matar ta ɗauka za a ɗora wa mata haraji ne, gardama ta kaure. Daga nan wutar ta bazu, dubban mata suka fito a yankin Aba da Owerri da Kalaba, sojojin mulkin mallaka suka harbe mata fiye da 50. Ƙarshenta Turawa suka sake tsarin sarautar da suka ƙaga a yankin. Gardamar tsakar gida ɗaya ta jawo wannan duka.

To, mene ne abin yi? Na farko, maigadi ko maigida ya nemi ganin katin shaida da takardar aiki kafin ya buɗe ƙofa. Wannan ba hanawa ba ne, hankali ne, don kuwa 'yan damfara da ɓarayi sun iya sa rigar ma'aikata. Na biyu, maigadi ya buga wa maigida waya nan take, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. In maigida yana nesa, a roƙi ma'aikatan su sa rana, a rubuta sunayensu da ofishinsu. Na uku, in gidan kulle ne, a gaya musu da lalama su dakata a sanar da mata su kintsa, sa'an nan namiji na gidan ya raka su daga shiga har fita. Na huɗu, kada a ba kowa kuɗi a hannu. Mai awo ba shi ne mai karɓa ba, takardar biya za ta zo daga baya, a kuma biya ta banki a riƙe rasit.

Maigadi musamman ya lura da cewa laifin hanawa yana kan wanda ya hana ne, ko da gidan ba nasa ba ne. Kada mutum ya jawo wa kansa tara mai nauyi a kan harajin da ba shi zai biya ba. Ya fi kyau tun ranar kama aiki ya tambayi ubangidansa abin da zai yi in ma'aikatan gwamnati sun zo.

Shi ma mai gida, barin a shiga yana iya zama riba gare shi. In an hana awo, ba a fasa haraji, sai dai a yi ƙiyasi da abin da aka hango daga waje, wanda yana iya fin gaskiya. In takarda ta zo da kuɗin da ya yi yawa, akwai kotun musamman ta sauraron ƙorafin ƙiyasi, amma wa'adin kai kuka gajere ne, kada a ajiye takardar a ƙarƙashin katifa. Akwai kuma waɗanda doka ta ɗauke wa harajin, kamar masallatai da coci-coci da maƙabartun jama'a, da gidan ɗan fansho in nasa ne kuma shi ke zaune a ciki.

Shugabannin jama'a, wato sarakunan Hausawa na unguwanni da limamai, suna iya sauƙaƙa al'amarin ƙwarai in suka roƙi ofishin haraji ya riƙa sanar da su ranar da za a shigo unguwa, a yi shela a masallaci, kowa ya shirya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta da hukuma, amin.