Ƙanƙarar Tafki a Ƙarshen Hunturu: Kauri Ba Shi Ne Ƙarfi Ba

A ranar 7 ga watan Fabrairu na shekarar 2009, ɗaruruwan masunta suka hau kan daskararren Tafkin Iri, a gaɓarsa ta jihar Ohayo a ƙasar Amurka, domin su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya kamar yadda suka saba kowane hunturu. A wasu sassan tafkin kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 60. Amma ranar ta zo da ɗumi da iska mai ƙarfi daga wajen tudu. Kafin rana ta take, wani makeken faifan ƙanƙara ya rabu da gaɓa ya nufi tsakiyar ruwa da mutane a kansa. Sai da aka kawo jiragen sama masu saukar ungulu da jiragen ruwa aka ceto fiye da mutum 130, mutum ɗaya kuma ya rasu. Tambayar da wannan maƙala za ta amsa ita ce: me ya sa ƙanƙara mai kauri haka takan yaudari mutanen da suka tashi da ita tun suna yara?

Yadda tafki yake daskarewa

Yawancin abubuwa sukan tsuke su ƙara nauyi idan sun yi sanyi. Ruwa ma haka yake yi, amma iyakarsa digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan zuwa sifiri sai ya koma yana buɗewa, idan ya daskare kuma girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firiza takan kumbura ko ta fashe, shi ya sa kuma ƙanƙara take yawo a saman ruwan kofi.

Saboda wannan ɗabi'a, tafki daga sama yake fara daskarewa. Ruwa mai digiri 4 yana kwanciya a ƙasa, ƙanƙara ta rufe sama tamkar murfin tukunya, kifaye da sauran halittu su ci gaba da rayuwa a ƙarƙashinta, sai dai motsinsu da cinsu sun ragu. Da a ce daga ƙasa ruwa yake daskarewa, da rayuwa a tafkunan ƙasashen sanyi ta yi wuya ƙwarai.

Awon kauri

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota, wadda ta shahara da yawan tafkuna, ta ba da ƙa'ida: kada kowa ya taka ƙanƙarar da ba ta kai santimita 10 ba. Babur ɗin da ke gudu a kan dusar ƙanƙara yana bukatar santimita 13 zuwa 18, ƙaramar mota kuwa sai an kai santimita 23 zuwa wajen 30. Dalilin da ya sa ƙarin kauri kaɗan yake ɗaukar kaya mai yawa shi ne, idan kaurin ya ninka sau biyu, nauyin da ƙanƙarar za ta iya ɗauka yakan ninka kusan sau huɗu.

To amma a lura, waɗannan alƙaluma na sabuwar ƙanƙara ce garai-garai, wadda ake hango ruwa ta cikinta. Akwai kuma farar ƙanƙara, wadda take samuwa idan dusar ƙanƙara ta jiƙe sannan ta daskare. Ita cike take da kumfar iska, ƙarfinta kuma kusan rabin na garai-garan ne, don haka ake ninka awon sau biyu a kanta.

Ruɓewar ƙanƙara

A ƙarshen hunturu, wato watannin Maris da Afrilu a arewacin duniya, yini yana ƙara tsawo, rana tana ƙara hawa sama. Da zarar dusar da ta lulluɓe tafkin ta narke, hasken rana sai ya riƙa ratsa ƙanƙarar har cikinta. Ƙanƙarar tafki ba dunƙule ɗaya ba ce. Dogayen ƙwayoyi ne a tsattsaye, manne da juna. Lokacin daskarewa, gishiri da dattin da ke cikin ruwan sukan taru a mahaɗar waɗannan ƙwayoyi, kuma nan ne wurin da ya fi saurin narkewa. Sannu a hankali sai mahaɗar ta saki, ƙanƙarar ta zama kamar ɗaurin kyandirori da aka jera a tsaye ba tare da igiya ba. Mai awo zai iya samun santimita 40, amma mutum ɗaya ya taka ta wargaje. Misalinta shi ne katakon da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa ba komai.

A lokaci guda kuma, ruwan da ke ƙasa yana ɗumama da hasken da ya ratso, yana cin ƙanƙarar ta ciki. Bakin gaɓa yakan riga tsakiya narkewa, domin ƙasa da duwatsu da ciyayi sun fi saurin ɗaukar zafi. Haka nan mashigar koguna, da idon ruwa, da ƙarƙashin gada, duk inda ruwa ke gudu ƙanƙara ba ta kauri. Idan gaɓa ta saki, iska tana iya tura faifan gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a Tafkin Iri. Mazauna waɗannan wurare sukan duba launi: ƙanƙarar da ta koma ruwan toka ko ta yi duhu ta sha ruwa ke nan, ba a hawanta komai kaurinta.

Jikin mutum a cikin ruwan sanyi

Ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki da kusan sau 25. Farfesa Godon Gisbiret, wanda ya koyar a Jami'ar Manitoba a Kanada kuma ya daɗe yana nazarin wannan fanni, ya taƙaita abin da ke faruwa a matakai uku. Minti ɗaya na farko numfashi yakan ƙwace wa mutum, ya riƙa haki. Idan kansa na cikin ruwa a lokacin, sai ya shaƙi ruwa. Bayan nan yana da kusan minti goma kafin tsokoki da jijiyoyin hannuwansa su daina aiki. Amma yakan ɗauki kusan awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da shi. Ashe firgita da nutsewa sun fi sanyin kansa saurin kisa.

Shawarar masana ita ce, wanda ya rufta ya fara daidaita numfashinsa, ya juya wajen da ya fito, domin ƙanƙarar can ta riga ta ɗauke shi. Ya shimfiɗa hannuwansa a kanta, ya yi ta bugun ruwa da ƙafafu har jikinsa ya miƙe a kwance, sannan ya ja ciki ya fito. Kada ya miƙe tsaye. Ya mirgina har ya yi nisa, domin nauyinsa ya bazu. Mai ceto kuma kada ya ruga bakin ramin, ya jefa igiya ko ya miƙa doguwar sanda daga nesa.

Kammalawa

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan darasi cikin sauƙi. A sayo dunƙulen ƙanƙara, a barbaɗa masa gishiri kaɗan, a ɗiga ruwan shuɗi ko na zoɓo a kai, a ajiye a rana. Za a ga launin yana bin ƙananan hanyoyi yana shiga ciki, alhali dunƙulen bai ragu sosai ba. Ɗalibin da ya ga haka zai gane cewa awo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kimiyya. Sai an tambayi irin abin da aka auna, da lokacin da aka auna shi, da wurin. Ga wanda karatu ko aiki zai kai shi Rasha ko Kanada ko arewacin Turai kuwa, sai ya riƙe ƙa'idar mutanen can: babu ƙanƙarar da ke da cikakken aminci.