Yadda Hausa da Sifaniyanci Ke Faɗin Abin da Bai Auku Ba

Daga cikin baiwar da ɗan Adam ya keɓanta da ita akwai iya bayyana abin da bai auku ba. Manomin albasa a Wurno ko Rabah yakan ce, "In na sami ruwa zan yi shuka," alhali yana sa rai. Amma idan ya ce, "Da ina da ruwa, da na yi shuka," to, ruwan babu shi. Kalmar "da" ce ta ɗauki wannan nauyi, aikatau kuwa bai sauya ba.

A Sifaniyanci, harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, aikatau ɗin kansa ne ke sauya ƙira. Ƙa'idar guda ce: a ɗauki siffar shuɗaɗɗen lokaci ta "su", a cire ɗafa-ƙeyar -ron, a maye gurbinta da -ra. Daga sembrar, wato shukawa, akan sami sembraron, "sun shuka". Daga nan sai sembrara ga "ni", "shi" da "ita", sembraras ga "kai" da "ke", sembráramos ga "mu", sembrarais ga "ku", sembraran ga "su". Hatta aikatau masu bauɗiya sukan bi wannan hanya: tuvieron, "sun samu", yakan haifar da tuviera. Akwai kuma tagwaiyar siffa mai -se, kamar sembrase. Dukkansu gado ne daga Latin.

Ana amfani da wannan siffa a manyan wurare uku. Na farko, sharaɗin da bai tabbata ba: si tuviera agua, sembraría ita ce jimlar manomin nan ta biyu. Na biyu, buƙatar da ta wuce: quería que sembraran, "ya so su yi shuka". Na uku, buri: ojalá lloviera, "ina ma a yi ruwa". Kalmar ojalá kuwa asalinta Larabcin Andalus ne, mai nufin "da Allah zai so".

Wannan salon tunani shi ne ginshiƙin gwajin kimiyya. Mai binciken da ke gwada taki a kan shinkafa a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, dole ne ya bar wani fili babu taki. Ta haka kaɗai zai amsa tambayar: da ba a zuba ba, da buhu nawa za a samu?