Kowane Abu da Halinsa

A Zakka, kamar sauran garuruwan Safana da Batsari, ba a zaunar da yarinya a koya mata dalilin zuba ruwan sha a randa. Wajen uwarta ta gani. Jikin randa cike yake da ƙofofi waɗanda ido ba ya gani; ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe, kuma duk ɗigon da ya bi iska da zafin randar yake tafiya. Shi ya sa ake kafa ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, shi ya sa kuma a tsakiyar damina, lokacin da iska ta ƙoshi da laima, sanyinta yake raguwa. Wannan shi ne darasin da yara suke haddacewa a ajin kimiyya: nauyin abu, taurinsa, narkewarsa, shan ruwansa, kama wutarsa. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, da wannan ilimin ya sa tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da yalo su daɗe, ya kuwa samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Haka maƙeri. Ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfe yake karantawa. Ya san jan da za a ɗora kan uwar maƙera a bi da masaba, ya san lokacin tsoma bakin gatari a ruwa ya yi tauri, ya san in taurin ya wuce kima bakin zai ɓalle a kututturen farko.

Abin da ke damuna shi ne kayan da suka shigo mana ba mu gaje su ba, babu kakan da ya bar mana labarin halinsu.

Ga yuriya. Kashi 46 cikin 100 na buhun nan sinadarin naitirojin ne, abincin da masara da dawa suke nema. Na sha tsayawa bakin gona in ga an barbaɗa ta a saman ƙasa an juya an tafi, fararen ƙwayoyin suna ƙyalli a gindin shuka. In ƙasar da ɗan laima, rana ta buɗe, ruwan sama bai sauko ya shigar da ita ciki ba, wani kaso nata iska yake zama, mai warin fitsari, ya tashi. Manomi ya biya kuɗin buhu, shuka ta samu saura. Maganin bai wuce a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi, a zuba, a rufe ba. Masu gauraya ta da toka kuwa, suna ganin ƙarin ƙarfi ne, hanzarta tashin suke yi.

Fetur ya fi wannan muni. Tururinsa ne ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, yana rarrafe har ya iske murhu ko fitila a can gefe. Jarka a ƙarƙashin gado ba ajiya ba ce. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga nasu a 2010. Mai wankin zinariya da halin abu yake cin abinci: zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19, sai yashi ya bi ruwa ita ta kwanta a gindin kwano. Amma duwatsun da ake haƙowa a yankin Anka da Bukkuyum akwai dalma a cikinsu. Ana kawo su gida a daka, a niƙa, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka mutu. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta kashe ta, shara ba ta kawar da ita. A ƙauyuka irin su Bagega sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Inda aka yi bayani kuwa, mutanenmu ba sa wasa. Buhun PICS na ajiyar wake, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. Ba magani a ciki ko kaɗan. Iska ce ba ta ratsa ledar da sauƙi, ƙwaron ya shanye ɗan abin da ke ciki ya mutu. Wanda ya gane haka ba ya buɗe buhun kullum don ɗiban na girki, yana ɗaure kowace leda daban, yana kuma ɗora buhun kan katako nesa da bango, domin ɓera ɗaya in ya huda ledar, ƙwaron ya samu numfashi ke nan.