Kafin Allura, a Tambayi Mashaya

Ni malamin dabbobi ne, shekarata tara ke nan ina yawo bisa babur tsakanin Magarya da Dungas, da akwatin ƙanƙara na allurar lamba ɗaure a baya. A makaranta an koya mini ciwo da maganinsa. Zancen famfo kuwa ban taɓa ɗauka ya shafi aikina ba, sai ranar da aka yanka wata saniya a gabana.

Cikin watan Afrilu na 2024 ne, ana tsakar zafi, wani Arɗo ya kira ni ruggarsu da ke cikin ƙasar Dungas. Na tarar da shanu sun rame, haƙarƙari a waje, gashi ya tashi, wasu ƙasan haɓarsu ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Na buɗe fatar idon guda uku, na ga fari fat, alamar jini ya ƙare. Wata biyu kafin nan ni da kaina na zo na ba wannan garken maganin tsutsa, na karɓi kuɗina na tafi. Ranar, wata saniya mai tatsa ta kwanta ta kasa tashi, aka sa mata wuƙa. Da aka fito da hanta, wuƙar na ƙara cikinta kamar ana yankan rairayi, ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa daga jijiyoyin.

Na ce, "Baba, ina suke shan ruwa?"

Ya ce, "Likita, ai tun bayan girbi famfon gari ya tsaya. Tafki muke kai su."

Da na yi wannan tambaya a zuwana na farko, da saniyar nan wataƙila tana raye. Laifina ne, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Yadda tafki ke kawo ciwon hanta

Ƙasarmu ta kwarin Korama Allah ya hore mata ruwa kusa. A wurare da yawa na Bande, Waca da Guci, tafkuna kan kai tsakiyar rani ba su ƙafe ba. Alheri ne, amma yana da ƙaya. Dabba mai tsutsar hanta tana zubar da ƙwai cikin kashinta. In kashin ya faɗa ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƙwayar ta shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zaune cikin ruwa maras gudu. Bayan ƴan makonni ta fito ta manne ga ciyawar bakin tafki. Saniya ta ci ciyawar, tsutsa ta bi ta hanji ta isa hanta, ta yi wata uku zuwa huɗu tana huda ta kafin ta girma. Shi ya sa garken da ya fara bin tafki a watan Nuwamba ko Disamba ba ya nuna alama sai Maris ko Afrilu, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, kowa ya ɗora wa yunwa laifi.

Albendazol da na ba su yana kashe manyan tsutsotsin hanta in an ba da awon da ya dace da nauyin dabba, amma ba ya taɓa ƙananan da ke cikin naman hantar. Ga su kuma washegari sun koma tafkin. Na ba garken Arɗo triklabendazol, wanda ke kama manya da ƙanana, na kuma gaya masa gaskiya: muddin famfo bai tashi ba, kuɗin magani kawai zai yi ta zubarwa.

Me ya tsayar da famfon

Washegari na je na duba. Rijiyar burtsatse ce mai aiki da hasken rana, da tanki bisa ƙarfe, da famfunan ɗiba biyu na mutanen gari, da kwami uku na bisashe. Wani shiri na taimako ne ya gina ta, aiki mai kyau. Abin da ya lalace shi ne akwatin wutar da ke tsakanin faranti da inji. An bar murfinsa a buɗe, ƙura da ruwan damina suka shiga, ya ƙone. Kuɗin sabo bai kai kuɗin saniyar da aka yanka ba. Wata biyar gari na jiran wanda zai zo ya gyara.

Na nemi ƴan kwamitin ruwa. Sun ce an ba su horo lokacin da aka miƙa musu famfon, kwana uku a birni, mutum biyu aka aika. Takardun da suka dawo da su duk cikin Faransanci. Ɗaya ya tafi cin rani Najeriya bai dawo ba, ɗayan kuma dattijo ne mai amana amma ba ya karanta boko. Ilimin da aka kashe kuɗi aka bayar ya bi mutum ɗaya ya ƙetare iyaka.

Asusu ma da nasa labari. Kun san a nan, kusa da Maigatari da Babura, naira ta fi sefa yawo a hannun mutane. Kuɗin ruwa da naira ake karɓa, a ajiye cikin gwangwani. Daga tsakiyar 2023 naira ta yi ta faɗuwa, kayan gyara kuwa a Damagaram da sefa ake saye. Abin da aka tara cikin shekara biyu ya narke ba tare da kowa ya sata ba.

Abu na uku shi ya fi ci mini rai. Cikin kwamitin babu makiyayi ko ɗaya, alhali bisashe ne ke shan mafi yawan ruwan. Ku yi lissafi: saniya da zafi tana shan lita 30 zuwa 40 a rana, tunkiya ko akuya kamar lita 5. Garken shanu 50 yana buƙatar lita 2,000, wato duro goma. Makiyaya sun ce sun daina biya don ba su san inda kuɗin ke zuwa ba. Mutanen gari sun ce makiyaya na shanye ruwa ba sa biya. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, famfo kuma yana tsaye.

Abin da doka ta tanada

Dokar ruwa ta Nijar, ta ranar 1 ga Afrilu 2010, ta amince kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwa, ta kuma ce mai amfani da shi ya ba da nasa kaso na kuɗin kulawa. A karkara, ma'aikatar magajin gari ce ke da nauyin famfunan, ita ke damƙa su ga mai gudanarwa ko ga kwamiti, masu amfani da ruwa kuma su kafa ƙungiyarsu ta sa ido. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma tun dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993 ba a yarda wani ya mallake mashayar jama'a shi kaɗai ba. Ma'ana, makiyayi yana da ikon zama cikin ƙungiyar masu amfani da ruwa, yana da ikon ganin littafin kuɗi, kuma biya ya hau kansa. Duka ukun tare suke tafiya.

Horon da muka sake

Da taimakon ƙungiyar makiyaya ta yankin, muka je ma'aikatar magajin gari da wurin ma'aikacin ruwa na gunduma. Aka yi karo-karo, makiyaya suka sayar da raguna biyu, mutanen gari suka cika, aka sayo akwati. Amma muka roƙi abu ɗaya: a sake horo, a gindin tanki, da Hausa da Fulatanci, a gaban duk mai son ji. Kwana biyu aka yi. Mutum takwas suka taɓa kowane abu da hannunsu, cikinsu mata biyu da samarin rugga biyu.

Ma'aikacin ruwa ya koyar da nasa. Faranti a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, musamman da hunturu, don ƙura tana rage ƙarfin inji. Akwatin wuta ya zauna a kulle. A rubuta lambar kwanta, wato ma'aunin ruwa, kowace safiya. In ruwan da ya fita ya fi kuɗin da ya shigo, ko akwai yoyo ko akwai wanda ba ya biya. In inji ya sauya kuka ko ruwa ya fara zuwa da rairayi, a kashe a kira magyari, kada a jira ya tsaya da kansa. An rubuta lambar wayar magyarin a jikin bangon ɗakin inji, da boko da ajami.

Ni kuma aka ba ni rabin rana, abin da ba a yi ba a horon farko. Ga abin da na koyar, ina so ku ma ku riƙe:

Kwami a zubar da ruwansa a kankare shi sau biyu a mako, kada a bari gansakuka ta kama. Ruwan da ya malala a yi masa hanya zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, nesa da inda dabbobi ke tsayawa. Taɓon gindin kwami yana ruɓar da kofato, kuma cikinsa tsutsar ciki ke jiran maruƙa da ƴan tumaki.

Dabba mai tari, ko majina, ko zawo, kada ta sa baki a kwamin jama'a. A ɗebo mata a bokiti, a gefe. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake yaɗuwa inda aka cunkushe. Cutar majina da zawo ta awaki da tumaki, wadda muke kira PPR, ta yawu da majina take bi, kwami kuwa ya fi ko'ina tara su. Lambar da gwamnati ke yi kyauta kowace shekara saboda waɗannan cututtuka biyu ita ce babbar kariya, kada ku ɓoye rabin garke ranar da muka zo.

Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta kusa da rijiya. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum, ƙwayarsa kuma tana yin shekaru masu yawa cikin ƙasa. A kira mu, a binne ta da zurfi nesa da ruwa.

Sai tsarin shayarwa. An raba lokaci garke-garke, na gida da safe, baƙi masu wucewa da hantsi a kwamin da aka ware musu, a wanke bayan sun tashi. Wannan ya rage faɗa tsakanin samari, ya kuma rage cuɗanyar dabbobin da ba a san lafiyarsu ba.

Kan kuɗi aka fi daɗewa. A ƙarshe aka yarda duk abin da aka karɓa da naira a canza shi zuwa sefa kowace ranar kasuwa, maɓallin asusu biyu, ɗaya hannun wata mata ta gari, ɗaya hannun ɗan Arɗo, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen kowane wata. Makiyaya suka zaɓi biya a wata bisa yawan kai, maimakon kullum.

Inda aka kwana

Famfon yana aiki. Sau ɗaya bututu ya fashe, aka gyara cikin kwana uku da kuɗin asusu. Raniyar da ta biyo baya na koma ruggar Arɗo na duba idanun shanu ɗaya bayan ɗaya, na ga jini ya dawo, ba a kuma yanka ko ɗaya don rama ba. Har yanzu akan kai su tafki da damina, ba wanda zai hana, shi ya sa muke ba da maganin hanta bayan damina, mu sake dubawa tsakiyar rani.

Ba ko'ina aka dace ba. Akwai wani gari ta wajen Malawa inda muka yi irin wannan zama sau biyu, har yau rigimar wa zai riƙe maɓalli ba ta mutu ba, dabbobinsu na can bakin tafki. Magyara ƙwararru kuma ba su da yawa, kayan gyara sai an je Damagaram ko an ƙetara iyaka.

Roƙona ga masu kawo ayyukan ruwa: ku sa malamin dabbobi cikin masu ba da horo, ku horar da mutane da yawa cikin harshen da suke ji, ku kuma dawo bayan wata shida ku ga abin da ya zauna. Ku kuma ƴan uwa, a taron ƙungiyarku na gaba ku tambayi kanku: wa ke wakiltarmu a kwamitin ruwa, nawa ne cikin asusu, wa za a kira in famfo ya tsaya gobe? In babu amsa, ku aika mutum biyu ma'aikatar magajin gari kafin tafkuna su fara ja da baya. In kuma na zo garkenku na manta ban tambayi mashaya ba, ku tuna mini.

Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu.