Sunan Indo

A ƙasar Hausa da wuya a shiga unguwa ba a tarar da mai suna A'isha ba. Iyaye sukan raɗa wannan suna ne don neman albarkar Nana A'isha, 'yar Sayyidina Abubakar, matar Annabi (SAW). Sai dai ba kullum ake kiran mutum da sunansa na yanka ba. Kamar yadda ake ce wa Fatima Binta, Hadiza kuma Dije, haka ake ce wa A'isha Indo.

A da babu wadda take jin haushin wannan laƙabi, tsofaffi da dama ma da shi aka san su. Yanzu kuwa 'yan matan birni ba su cika son sa ba. Gani suke yi ya yi ƙauyanci, tun da yake a finafinai da littattafan soyayya "Indon ƙauye" ita ce yarinyar da ba ta waye ba. Sun fi so a ce musu Humaira, wanda shi ma laƙabin Nana A'isha ne. Kaka tana iya tsokanar jikarta da Indo a yi dariya, amma in baƙo ya faɗa, sai budurwa ta ɗaure fuska.