Iraniyom na Arlit: an yi maganar huhu, ina labarin ƙwaƙwalwa?

Ran 31 ga watan Maris na shekara ta 2021, kampanin COMINAK ya rufe ramin haƙar iraniyom na Akuta, kusa da garin Akokan, bayan shekara 43 ana fiddo ma'adini daga ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata sun watse, kowa ya kama gabansa. Abin da bai gusa ba shi ne dussar ma'adinin, wato ragowar dutsen da aka niƙe aka tace: kimanin tan miliyan 20, jibge a fili, tana fitar da tururin nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda Faransawa ke kira radiyasiyo. Kampanin Orano ya yi alkawarin rufe ta da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. Tururin kuwa zai kai dubban shekaru bai mutu ba.

Tun lokacin da SOMAÏR ya soma haƙa a Arlit cikin 1971, duk sa'ad da aka tada zancen lafiya, huhu ake ambata. Akwai dalili: iskar radon da ke fita daga ma'adinin ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma masana sun daɗe suna wata tambaya wadda ba a cika jin ta ba a Yamai: tururi kaɗan kaɗan, yau da gobe, shin yana taɓa ƙwaƙwalwa, da hadda, da kaifin hankalin yara?

Sai an san mudu kafin a yi ciniki. Mudun tururi shi ne milisiber. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin 2,4 a shekara daga ƙasa da iska da cimaka, ko da bai taɓa ganin ramin haƙa ba. Ƙa'idar duniya ta ce kada sana'ar nukiliya ta ƙara wa talaka fiye da 1 a shekara, ma'aikaci kuma kada ya wuce 20. Abin da ya gaza 100 shi masana ke kira ƙaramin awo, kuma a nan gardama take.

A bisa babban awo babu gardama. Likitocin da suka bi yaran da ke cikin uwayensu sa'ad da Amurka ta jefa bam a Hiroshima da Nagasaki cikin 1945 sun gano cewa mafi haɗarin lokaci shi ne tsakanin mako na 8 da na 15 na ciki, lokacin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yaɗuwa suna neman mazauninsu. Waɗanda tururi ya sama a wannan tsakani sun yi asarar maki 25 zuwa 30 na gwajin basira a kan kowane milisiber 1.000, wasu kuma an haife su da tawayar hankali mai tsanani. Ƙasa da 100, ba a iya rarrabe su da sauran yara ba. Shekaru da dama aka tsaya a kan wannan, ana cewa ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai jimiri, ƙaramin awo ba ya yi mata kome.

Daga Suwidin aka fara girgiza wannan magana. Tsakanin 1930 da 1959, likitocin ƙasar sun riƙa gasa wa jarirai tururi don kashe wani jan tabo na fata da ake haihuwar yaro da shi. Cikin 2004 aka buga binciken da ya bi maza 3.094 daga cikinsu, waɗanda aka yi wa maganin tun ba su cika wata 18 ba. Daga cikin waɗanda tururin bai kai ga ƙwaƙwalwarsu ba, kashi 32 cikin 100 sun shiga lise. Daga cikin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sha fiye da 250, kashi 17 kaɗai suka shiga, kuma ragin ya soma bayyana tun daga 100.  Yara ne waɗanda karatu ya ɗan yi wa nauyi, irin abin da uba zai ɗora wa ƙiuya, malami ya ɗora wa wasa. Cikin 2009 kuma wasu masana tattalin arziki suka duba sakamakon makaranta na yaran Suwidin fiye da 500.000, suka ga waɗanda ke ciki lokacin da ƙurar Cernobil ta 1986 ta sauka a yankinsu sun ɗan gaza tsararsu, musamman a lissafi. Awon da suka sha ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa har yanzu wasu masana ba su yarda tururin ne sanadi ba.

Dangance da manya, shaidar ta fi rauni, amma tana taruwa. A masana'antar nukiliya ta Mayak, a Rasha, inda aka bi ma'aikata fiye da 22.000, an ga cutukan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, irin masu kawo shanyewar ɓarin jiki, da ciwon makyarkyata na Parkinson, suna ƙaruwa gwargwadon awon da mutum ya tara a rayuwarsa. A Faransa kanta, binciken mahaƙan iraniyom kimanin 5.000 ya nuna alaƙa tsakanin radon da mutuwa ta hanyar waɗannan jijiyoyi, wani kuma na 2023 a kan ma'aikatan nukiliya kimanin 80.000 ya hango alaƙa da ruɗewar tsufa. Masu binciken da kansu sun ce a yi hattara: taba, da hawan jini, da yawan shekaru suna iya shiga cikin lissafin.

To, ina Arlit take a wannan ma'auni? Cikin Disamba 2003, ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa. An riƙe na'urorinsu a filin jirgin Yamai, amma duk da haka sun gano tarkacen ƙarfe masu tururi ana sayarwa a kasuwa. Cikin Nuwamba 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan, ta tarar ya ninka awon da aka saba har sau 500. Wanda ke zama wurin ƙasa da awa guda kullum zai wuce ƙa'idar shekara. Daga cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun zarce iyakar iraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Areva, sunan kampanin a lokacin, ta kwashe ƙasar wuraren da aka nuna, tana mai cewa jama'ar gari ba su wuce ƙa'ida ba.

Gaskiya ita ce ko da an ɗauki alƙaluman Greenpeace, mace mai ciki a Akokan ba ta kusa da awon Hiroshima ba, kuma duk wanda ya ce yaran Arlit sun tawaya ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Sai dai bam na daƙiƙa guda ne, daga waje. Na Arlit ƙura ce da ruwa da iska, suna shiga jiki shekara 50. Ga shi kuma iraniyom guba ne a karan kansa, kamar dalma: ƙoda ya fi ci, amma gwajin da cibiyar IRSN ta Faransa ta yi a kan ɓeraye ya nuna yana kaiwa ƙwaƙwalwa, yana taɓa barci da hadda. Ɓera ba mutum ba ne. Amma ba dalili ba ne na rufe ido.

Mutumin Yamai, mai nisan kilomita fiye da 1.000, yana da nasa rabo. Tsohon ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, kuma ɗan kasuwar Katako ba shi da abin da zai bambanta bututu mai tsabta da wanda ya fito daga masana'antar tace ma'adini. Na biyu, sikana. Binciken Ingila na 2012 a kan yara kimanin 178.000 ya nuna hoton kai 2 ko 3, wato wajen milisiber 60 ga ƙwaƙwalwa, na iya ninka haɗarin ƙari sau 3. A lissafi, yaro 1 ke nan cikin 10.000 da aka yi wa hoto guda. Yaron da ya faɗo daga babur ya suma, sikana ce za ta cece shi, kada a yi jinkiri. Wanda ke ɗan ciwon kai, uba mai hali ya matsa wa lokotoro a yi hoto don hankalinsa ya kwanta, shi ne aka ɗora wa awo a banza. Mace kuma in za a yi mata radiyo, ta faɗi cewa tana da ciki ko da ba a tambaye ta ba.

Nijar ba ta rasa hukumomi ba: an kafa cibiyar kariya daga tururi cikin 1998, hukumar HANEA cikin 2013, an buɗe sashen gashin kansa a Yamai cikin 2021. Cikin 2011 aka girka OSRA don bin lafiyar tsofaffin mahaƙa a jahar Agadas, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa ta janye daga yarjejeniyarta da Areva, tana cewa abin ya zama talla. Aghir In'Man da CRIIRAD sun daɗe suna neman a yi bincike mai zaman kansa a kan jama'ar gari baki ɗaya.

Abin da ya sa Suwidin ta gano nata shi ne takarda: asibiti ta ajiye awon kowane jariri, soja suka ajiye gwajin basirarsa ranar da ya kai shekara 18, aka haɗa biyun bayan rabin ƙarni. Irin waɗannan takardu akwai su a Arlit da Akokan: rajistan awon ma'aikata, da dosiyen asibitocin kampanonin biyu, da rajistan haihuwa, da sakamakon BEPC. Tun da magabata suka bayyana maida SOMAÏR hannun ƙasa cikin watan Yuni na 2025, ana ta lissafin tan nawa ke ajiye da wanda zai saya. Ya kamata ministan lafiya da jami'ar Abdu Mumuni su nemi a damƙa masu waɗannan takardu, kafin gara da ƙurar hamada su riga su.