Amalanke Mai Tuƙa Kansa a Cikin Sito: Hanyoyin Kiyaye Haɗari

Ana jawo hankalin masu manyan sito da ma'aikatansu ga wata na'ura da ke yaɗuwa a wuraren ajiyar kaya na duniya, watau amalanke mai tuƙa kansa. Keke ne mai aiki da batir, yana ɗaukar kaya daga wannan kusurwa ya kai waccan ba tare da direba ba. Asalinsa daga Amurka ne, inda a cikin shekarun 1950 aka ƙera wanda ke bin wata waya da aka shimfiɗa masa. Na zamanin yanzu kuwa taswirar sito ce a cikin kwamfutarsa, shi ke zaɓen hanyarsa. Kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera irin waɗannan na'urori a 2012, kuma a 2025 ya ba da sanarwar cewa na'urorinsa sun kai miliyan ɗaya.

Abin da amalanke ke gani

Babban kuskuren ma'aikata shi ne zaton cewa na'urar tana ganin duk abin da mutum ke gani. Ba haka ba ne. Idon da ke hana ta karo yana ƙasa ne, kusa da daɓe. Yana watsa hasken leza a kwance, daidai ƙwaurin mutum, in hasken ya bugi wani abu ya dawo, sai ta rage gudu, in abin ya matso ƙwarai ta tsaya cik. Ka'idar duniya ta ISO 3691-4, wadda aka fara fitarwa a 2020, ta ce a jarraba wannan ido da abubuwa biyu: ɗaya a tsaye mai kaurin santimita 7, a madadin ƙafar mutum, ɗaya a kwance mai kaurin santimita 20, a madadin mutumin da ya faɗi.

To, abin da ke sama da wannan haske ko ƙasa da shi fa? Sau da yawa ba ta san da shi ba. Ƙarfen da ya leƙo daga kanta, da yatsun motar ɗaga kaya da aka bari a sama, da igiyar da ke reto, duk tana iya kutsawa cikinsu. Mutumin da ke kan tsani ma ƙafafun tsanin kaɗai ke gabanta, su kuwa sirara ne. Saboda haka lalle ne kada a kafa tsani a hanyarta sai an tsai da ita, an kuma toshe hanyar. Direban motar ɗaga kaya ya sauke yatsun ƙasa duk sa'ad da ya ajiye mota, a inda aka keɓe masa.

Hanya da daɓe

A shata hanyar amalanke da fenti mai haske, a ware ta masu tafiya a ƙasa. Ka'idar da aka ambata ta nemi a bar fili na rabin mita ta kowane gefe, tsayinsa mita 2.1, domin mutum ya sami wurin raɓewa. Wannan fili ba wurin ajiye kwali ba ne, ko da na minti biyar. Inda hanya ta ƙuntata har ba a sami haka ba, a sa alama, a rage wa na'urar gudu.

Birki ba ya kamawa a kan mai ko ruwa. Tazarar da aka ƙiyasta mata ta tsayawa a kan busasshen daɓe aka auna ta, da nauyin da maƙerinta ya ƙayyade. Wanda ya ƙara buhu biyu don a gama da wuri ya ƙara tazarar ke nan, ita kuwa na'urar ba ta sani ba. A nan ƙasar akwai kuma ƙurar hunturu, wadda ke rufe gilashin idon har ta riƙa tsayawa ba dalili. Maganinsa shafewa da tsumma mai laushi kowace safiya. Wasu sukan gaji su rage faɗin filin da idon ke tsaro, wannan ganganci ne, kuma ba mai taɓa wannan saiti sai ƙwararren da aka ba izini.

Wurin caji

A watan Fabrairu na 2019 gobara ta cinye babban siton kamfanin Ocado da ke garin Andover a Ingila, bincike kuma ya nuna daga na'urar cajin batir wutar ta tashi. A keɓe wurin caji nesa da kwali da leda, a bar iska tana shiga, kada kuma a toshe ƙofar fita da shi. Batirin da ya kumbura ko ya yi zafi fiye da ƙima a cire shi daga aiki nan take.

Ga ma'aikaci

Kada ka hau amalanke, kada ka tsallaka gabansa don ka ga zai tsaya. Ka san inda jan maɓallin tsayarwa ya ke tun ranar da ka kama aiki. In ya maƙale, ka danna maɓallin tukuna kafin ka sa hannu, gama da zarar an kawar da abin da ya tare shi zai iya tashi da kansa. Baƙi da direbobin manyan motoci da 'yan dako ba su san halinsa ba, kada a bar su su shiga filinsa sai da ɗan rakiya.

Duk karon da aka yi, ko wanda aka kusa yi, a rubuta shi a littafi. In kuwa ma'aikaci ya ji rauni, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya sanar da hukumar NSITF cikin kwana 7.